Ki Tambaye Shi Sau Biyu

Birnin Ƙonni, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Ramatu, mai sunan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lahiya. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki daga motocin Yamai waɗanda ba su san birki ba, ya raba ki da abokin aiki mai fuska biyu. Gwaggonki Haɓsu tana gaishe ki. Kin san yadda ake ƙarasa gaisuwar wasiƙa tun daga lakwal, makarantar boko: ina fatan kina lahiya kamar yadda nake nan lahiya. Rabin farko na rubuta. Rabi na biyu na bar shi, kuma ba mantuwa na yi ba.

Ranar Juma'a da kika kira ni bayan an sauko daga masallaci, tambaya biyu kika yi mini. Kin ce a wurin aikinku an sa ki cikin mutum ukun da za su gana da masu neman aikin kula da haɗari, wato mutumin da zai riƙa zagaya magaza, ɗakunan ajiyar kaya, da motocin kamfani yana faɗin inda ɓarna za ta ɓullo tun ba ta ɓullo ba. Kika ce, "Baba, kai da ka yi shekaru kana ɗaukar ma'aikata, me zan tambaye su?" Na yi dariya, na ce ke da kika yi karatu har kika gaji, ni tsoho me na sani. Sannan kika ce, "To ya jikinka? Na ji muryarka ta yi ƙasa." Na ce, "Lahiya lau."

Amsa ta farko rowa na yi miki. Ta biyu ƙarya ce. A waya bakina ya fi ni sauri, shi ya sa yau na ɗauko bik da takarda. Da ta farko zan fara, don na san halinki, na mahaifiyarki ne kika kwaso kaf: in na fara da ta biyu, jefar da takardar za ki yi ki nufi tashar mota ba ki karanta sauran ba. Ki zauna, Inna. Ki bi ta a jere.

Lokacin kina ajin farko na kwalej, kin tuna ina shugaban ma'aikata a kamfanin Alhaji, mai manyan motocin kamiyo da ke ɗauko siminti daga Malbaza, su kwashi albasa da wake su yi kudu. Bayan wata motarmu ta kife da kaya, mutanen asurans, wato inshora, sunka ce dole kamfani ya sami mutum guda wanda ba shi da aikin komi sai duba haɗari. Alhaji ya ce mu nemo. Mu uku munka zauna a burona, wato ofishina: ni, da ƙanensa da ake kira Alhaji Ƙarami, da Tankari, shef ɗin garaji, wanda kin sani, aminina tun muna zama benci ɗaya a lakwal. Mutane da dama sunka zo, amma biyu nake so in ba ki labarinsu.

Na farko Habibu, ɗan gidan mutunci a nan Ƙonni. Farar shadda, dosiyen takardu mai tsabta, dipulom daga Yamai, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ya shigo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi tun bai zauna ba ya shiga raina. Na ce da shi, "Kana iya aikin nan?" Ya ce, "Insha Allahu, Baba." Na ce, "In matsala ta taso fa?" Ya ce, "Ba komi, da yardar Allah da albarkarku." Alhaji Ƙarami yana ta gyaɗa kai. Ki dubi tambayoyina, Inna, ki yi mini dariya, na halatta miki. Wane mahaukaci ne zai zo neman aiki a ce da shi yana iyawa, ya ce a'a? Ni na ba shi amsar a cikin tambayar, ya miƙo mini abina, na karɓa ina murna.

Na biyu Nomau, mutumin Tajaye. Ya kai shekara arba'in, baƙi, siriri, ba shi da yawan fara'a. Ya yi shekaru yana cirani a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, can ya koyi aikin tsaron wuta da na ajiyar mai. Takardarsa ɗaya ce, an ninke ta gida huɗu a cikin leda. Mai gadi ya gaya mini tun ba a buɗe buro ba ya iso, ya roƙa a bar shi ya zagaya garaji, har takalmansa sunka sha baƙin mai. Ni abin da na gani ke nan, takalman, da sawun da sunka bari a kan simintin burona.

Tankari ne ya tambaye shi, ba ni ba. Ya ce, "An ce ka zagaya wurinmu. Me ka gani?"

Nomau ya ce, "In yi gaisuwa, ko in faɗi abin da na gani?"

Tankari ya ce, "Faɗi."

Ya ce, "Gangunan man gazuwal da jarkokin man esans ɗinku suna jingine da bangon da mai walda yake aiki a bayansa, bangon kuma kwano ne. Abin kashe wuta biyu na gani, duka babu komi cikinsu. Ƙofa ɗaya gare ku, ana kuma ajiye kamiyo a bakinta. Ranar da wuta ta tashi, wanda ke cikin ramin gyara shi zai fara ƙonewa, don can mai zai gangara."

Kai! Sai ka ce ya zagi uban wani. Alhaji Ƙarami ya miƙe tsaye, ya ce, "Subhanallahi! Ranar da? Kai ka sa ranar? Tofar da yawun nan, bawan Allah! Abinci ka zo nema ko mugun fata ka zo yi mana?" Nomau ya ce, "Tambayata anka yi, Alhaji." Bai ƙara ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Mutum ya zauna gabanka ya ambaci wuta da ƙuna, ko "Allah ya kiyaye" bai sa a gaba ba! Haka anka rene mu. Ba a kiran masifa da sunanta a gidan mutum. Da ya fita, na ɗauki jan bik na rubuta kalma biyu a kusurwar takardarsa: mugun baki.

Tankari ya leƙo ya karanta. Ya sassauta murya ya ce, "Isuhu, ni ke shiga ramin nan fa." Na ce, "Haba Tankari, Allah ke tsarewa." Ya dube ni, bai sake magana ba. Munka ɗauki Habibu.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne uban sauran. Aikin da za ku ɗauki mutum dominsa, Inna, aiki ne na faɗin abin da tarbiyyarmu ta hana a faɗa. Direba ana duba hannunsa, makaniki ana duba kunnensa, shi wannan bakinsa ake saye. Ni kuwa na kori mutum saboda ya nuna mini ainihin kayan da na fito nema. Allah ke tsarewa, babu shakka, amma ranar nan Allah ya aiko mini da tsarin har cikin buro, a ƙafa, da baƙin mai a takalmi, na mai da shi Tajaye. Don haka kada ku fara da zama a kujera. Ki sa a zagaya da kowane ɗayansu cikin magaza tukuna, ba tare da an nuna masa komi ba, sannan ya shigo ki ce, me ka gani? Wanda ya ce wuri ya yi kyau masha Allah, ki gode masa, ki sallame shi da mutunci. Wanda ya faɗi abin da ba ki so ji ba, ki riƙe takardarsa. In wani babba a cikinku ya ce a tofar da yawu, ki bari ya gama, sannan ki ce da mai neman aikin, ci gaba, muna ji. Na san ke ce ƙarama a teburin, ke ce kuma mace, za su so ki yi rubutu kawai ki yi shiru. Tankari ma shiru ya yi don kunyata, za ki ji abin da shirun ya jawo masa.

Habibu ya kama aiki. Kada ki ɗauka malalaci ne, ko kusa. Shi ke riga kowa zuwa. Duk ranar Asabar yakan kawo mini takardar mako, a ƙasanta haruffan nan uku na Faransanci da ke nufin babu abin faɗi. Ni kuwa in karɓa, in ce madalla, in huda ta in sa a dosiye. Har daɗi nake ji. Damina biyu muna haka, dosiye ya yi kauri, ganguna suna nan inda suke.

Da bazara ne, bayan azahar, ana zafin nan da ko akuya ba ta motsi. Ina buro na ji wani gum, sai ihu. Kafin in fito, bangon kwanon nan ya zama ja. Direbobi suna ta ɗiban ƙasa da hannu suna watsawa, wani ya ɗauko abin kashe wuta ya matsa, ko tari bai yi ba. Kamiyo yana bakin ƙofa, mai makullinsa ya tahi cin abinci. Tankari kuwa yana cikin rami, ƙarƙashin wata mota. Kalma bayan kalma, Inna, yadda Nomau ya faɗa, ko wuri ɗaya bai kuskure ba. Tankari ya fito da ransa, amma ƙarfen da ya kama ya hauro ya riga ya yi zafi. Kin san hannuwansa. Kina yarinya kin taɓa tambayata me ya sa Baba Tankari yake gaisawa da wuyan hannu, na ce wuta ce, ƙaddara. Ban gaya miki wanda ya rubuta da jan bik ba.

Kwana uku bayan haka na kira Habibu. Ya zo idanunsa sun kumbura. Na daka masa tsawa, na ce, "Ba ka da ido? Ba ka ga gangunan nan ba?"

Ya ce, "Na gani, Baba. Tun makon farko."

Na ce, "To uban me ya hana ka rubutawa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Alhaji da kansa ya nuna inda za a ajiye su. Sa'an mahaifina ne, ta yaya zan ce bai yi daidai ba? Kuma Baba, kullum in na kawo maka takardar, sai in ga kana murmushi."

Yaron nan bai cuce ni ba. Ladabin da na gani na so ranar farko, shi ya ci gaba da ba ni har ranar wuta. Ga shawarata a nan. Ki tambayi kowane ɗaya: ba ni labarin ranar da ka gaya wa wanda ya girme ka cewa ya yi kuskure, me ka ce da shi, me ya biyo baya? In ya ce bai taɓa ba, to ba zai fara a kanku ba. Ki kuma yi wata ƴar dabara da na koya bayan na makara: cikin hira ki faɗi wani abu da kin san ba daidai ba ne, ki faɗe shi da ƙarfin zuciya, kamar ki ce ai babu laifi a ajiye mai kusa da injin wuta in dai an rufe. Sai ki yi shiru ki ga wa zai gyaɗa kai, wa zai ce, "Madam, ki yi haƙuri, ba haka ba ne." Kada ki cika masa shirun. Ni a da na riƙa jin kunyar shiru, sai in yi ta surutu ina taimakon mutum da amsa.

Abu mafi girma kuma shi ne wannan: duk abin da kika tambayi mutumin ƙasarmu, amsarsa ta farko gaisuwa ce. Ina gida? Lahiya lau. Ina aiki? Da godiya. Akwai matsala? Ba komi. Mutum yana kwance a tabarmar jinya zai ce da ke lahiya lau, kuma ba maƙaryaci ba ne, ɗan halas ne. Ki karɓi gaisuwar, ki amsa masa, sannan ki sake tambaya. Ki tambaye shi sau biyu. A ta biyun ake fara magana.

Da ƙura ta lafa, Alhaji ya ce a nemo mutumin Tajayen nan. Na hau moto, wato babur, na tahi har garinsu, anka ce yana kasuwar Badagishiri. Na iske shi a can ƙarshen layin masu wake, shi kaɗai, da ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Ya gane ni. Ya shimfiɗa mini buhu na zauna, munka gaisa. Na ce, "Abin da ka faɗa ya faru." Ya ce, "Na ji. Wallahi ban so in yi gaskiya ba." Ashe labari ya riga ni zuwa Tajaye, amma a juye. Cewa anka yi an hana shi aiki, ya yi wa garaji baki, wuta ta tashi. Ya ce tun daga nan in mutum ya yi sabon gini ba ya kiransa ya gani, in ya doso rijiya mata sai su janye ƴaƴansu, a majalisa in ya zauna hira sai ta mutu. Kin san inda maganar ta samo tushe? A fadar ƙofar gidan Alhaji Ƙarami. Shi ya fara cewa bakin mutumin nan ne. Ina zaune a wurin, da kofin shayi a hannuna, ban ce uffan ba, don in bakin Nomau ne ya ta da wuta, to ba jan bik ɗina ba ne. Tir da ni.

Na ce ya zo ya kama aiki, Alhaji yana jiransa. Ya yi ɗan murmushi, ya gyara bakin buhunsa, ya ce, "Ka makara, Malam Isuhu. Yanzu in an tambaye ni, lahiya lau nake cewa. Na koya." Na dawo Ƙonni ban san ta inda na bi ba.

Saboda haka ɗaukar irin wannan mutum rabin aikin ne. In kin same shi, ki sani zai zama shi kaɗai. Babu mai son ganinsa ya doso da littafinsa. Za a sa masa suna, za a daina kiransa cin abinci. Ranar da abin da ya faɗa ya faru, shi za a fara harara. Ki tsaya masa. Ki zauna kusa da shi a taro kowa ya gani. In ya kawo miki takarda mai ɗaci, ki ce sannu da aiki, ki saki fuska. In kuwa takardar ta zo fes mako bayan mako, ranar nan za ki ɗaure fuska ki tashi ki je ki duba da idonki.

Za ki ce mutumin da ya ga duk wannan ai ya yi hankali. Ina! A buro na yi hankalin, ban kawo shi gida ba. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta yi wata da watanni tana dafa bango in za ta tashi daga bakin murhu. Na gani da idona. Zanenta ya riƙa zagaya ta har ya yi saura. Sau ɗaya na ce, "Hadiza, lahiya?" Ta ce, "Lahiya lau, gajiya ce." Na ce to a riƙa hutawa, na sa hula na fita. Na ji daɗin amsar, Inna, gaskiyar ke nan. Ita nake so in ji, ita kuma ta san ita nake so in ji, shekara talatin tana karanta fuskata. Kina jami'a lokacin, kullum kika kira sai mu haɗa baki mu ce komi lau. Ranar da munka kai ta likita, ya dube ni ya ce, "Malam, ina kuke tun tuni?" Kwana ya ƙare, na sani, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma tambaya ta biyu ba ta fi ƙarfina ba, ban dai yi ta ba ne.

Yanzu gidan nan ya yi mini girma. Tun da kika tahi wata uku ke nan, ƙofar ɗakinki a rufe, ta mahaifiyarki a rufe, ni ina tsakiya a kan kujerar roba da rediyo. Turminta yana nan gindin iccen bedi inda ta bar shi, na hana Haɓsu ɗauka. Da safe ina dafa shayi, har yanzu hannuna kofi biyu yake ɗaukowa, sai in mai da ɗaya. Ƴan kabu-kabu suna wucewa a ƙofar gida yini guda, amma wani lokaci daga asuba har la'asar in ba liman ba babu wanda nake cewa amin a bayansa. Ban faɗa don ki ji tausayina ba. Na faɗa don na gaji da rubuta babu abin faɗi.

Makon jiya na je Malbaza wurin Tankari. Can ya koma gidan ƙanensa tun da ya bar aiki. Shekarun nan duka bai taɓa ambata mini ranar nan ba, ko da wasa, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Matarsa ta kawo mana tuwon dawa da miyar kuɓewa. Shi yana ci da cokali, yana riƙe shi tsakanin hannuwan nan biyu. Ni kuwa ina ta wasa da loma ɗaya a gefen kwano. Ya ajiye cokalin.

Ya ce, "Isuhu, tun yaushe?"

Na ce, "Ba komi, na ci a gida."

Ya ce, "Na ji, wannan gaisuwa ce. Tun yaushe?"

Sai na gaya masa. Ya ce, "Ramatu ta sani?" Na ce, "Sabon aiki gare ta, ba na so in ta da mata hankali." Ya ɗaga hannuwansa ya kawo su dab da fuskata, ya ce, "Duba nan da kyau. Wannan ma kalmar ba komi ce ta yi shi. Ni na yahe maka tuntuni, amma wallahi in ka yi wa yarinyar nan abin da Hadiza ta yi maka, ba zan yahe ba."

To ga amsa ta biyu, Inna. Tun bayan azumi tuwo ba ya wuce mini. Da farko nama ne, sannan tuwo, yanzu kunu da fura kawai, su ma a hankali. Abincin da gwaggonki take aikowa kaji ke ci, in wanke kwanon in mayar mata, ta ce masha Allah yaya yana ci. Na je asibitin Tawa a ɓoye. Likita ya ɗauki hoto, ya ce akwai wani abu da ya tsiro a hanyar abinci, can ƙasan maƙogwaro. Ya ce shi ba zai iya cewa ko mene ne ba sai an duba a Yamai, wataƙila a yi aiki, kuma kada in bari damina ta same ni ban je ba. Ya ba ni takarda. Sati bakwai ke nan tana cikin kwallar mahaifiyarki, ƙarƙashin zannuwanta. Ina gaya wa kaina don aikinki ne na ɓoye. Har da shi, amma ba shi kaɗai ba. Tsoro nake ji. Ina jin in ban kira abin da sunansa ba, kamar ba zai tabbata ba. Ni ma Alhaji Ƙarami ne, ashe, a cikin jikina.

Ki saurare ni da kyau, kada ki yi mini gardama irin taki. Ganawarku Laraba da Alhamis ce, haka kika ce. Ba za ki bar ta ba. Akwai wani bawan Allah da zai shiga ramin wani garaji ko ya hau saman wata magaza, bai san ki ba, ba ki san shi ba, hannuwansa suna jiran wanda za ki zaɓa. Ki zauna ki yi aikinki da idanu a bushe. Ni zan hau motar safe ranar Asabar, da takardar likita a aljihu. Na riga na gaya wa Haɓsu jiya, ta yi kukanta, ta zage ni, ta gama. Ki tarye ni a tasha. Ba na son taro, ke kaɗai. Ki kai ni inda za a duba ni, ki shiga tare da ni, ki yi wa likitan irin tambayar da na koya miki, don ni na san kaina, yana cewa ina jiki zan ce da sauƙi.

Allah ya ba ki basirar gane mai gaskiya ko da ya zo da takalmi mai datti. Allah ya tsare ki daga sharrin wuta da ruwa da hanya, da sharrin amsa mai daɗi. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya saka wa Tankari da alheri, ya sanyaya zuciyar Nomau a duk inda yake. Allah ya yi miki albarka, ya sada mu ranar Asabar da alheri.

Yanzu bari in ƙarasa gaisuwar da na bari a sama. Ina fatan kina lahiya. Ni ba lahiya nake ba, ɗiyata, kuma ina kewarki. Na san kina gama karantawa za ki kira. Zan ɗauka in ce lahiya lau, shekara sittin da ƴan kai bakina ya saba. Kada ki yarda. Ki sake tambayata.

Naki mahaifi,
Isuhu